Daga Keken Ɗinki Zuwa Kamfanin Tufafi: Jagora Ga Masu Fara Fitar da Ɗinkakkun Kaya da Sunansu

Akwai tazara mai yawa tsakanin tela da mai kamfanin tufafi, ko da kuwa mutum ɗaya ne a kan keke ɗaya. Tela yana jira a kawo masa yadi, ya auna mai kaya, ya ɗinka, a biya shi ladan aikinsa, kuma idan yadi ya yi tsada a kasuwa ba aljihunsa abin ya shafa ba. Wanda ya yanke shawarar fitar da ɗinkakkun kaya da sunansa kuwa, shi zai sayi yadin da kuɗinsa, ya ɗinka wa mutumin da bai taɓa gani ba, sannan ya zauna jiran mai saye. Tun daga ranar da almakashi ya shiga yadi har ranar da kuɗin rigar ya shigo hannu, jarinsa a ɗaure yake. Saboda haka wannan jagora ta fi ba da ƙarfi ga lissafi da awo da kiyaye lokaci, domin basirar zane, wadda galibin masu shigowa sana'ar suke da ita tun farko, ba ta isa ta riƙe kamfani ita kaɗai ba. An ɗauki Kano a matsayin misali saboda nan ce cibiyar cinikin yadi a Arewa, amma matakan za su yi aiki a Kaduna ko Sakkwato ko Maraɗi.

Mataki na farko shi ne a tsayar da nau'in tufa guda ɗaya da irin mutumin da za a ɗinka dominsa. Sabon shiga yakan so ya fito da abaya da kaftani da kayan yara da hijabi duk a lokaci ɗaya, don kada wani mai saye ya wuce shi, alhali kowane nau'i yana buƙatar yadinsa da telansa da tsarin awonsa, kuma ƙaramin jari idan aka raba shi gida huɗu babu gidan da zai tsaya da ƙafarsa. Abin da ya fi shi ne mutum ya iya faɗin kasuwarsa a jumla ɗaya, kamar ya ce doguwar riga marar nauyi ga mata ma'aikata da ɗalibai masu son abin da za a wanke a saka ba tare da dogon guga ba, ko kaftanin yara maza daga shekara 2 zuwa 10. Wannan jumlar ce za ta yanke hukunci a kan komai daga baya: darajar yadin da za a saya, farashin da ba za a haura ba, har da wurin da za a yi talla. Kafin a kashe ko kwabo, a zauna da mutanen da ake nufi, a tambaye su rigar da suka saya ta ƙarshe, nawa suka biya, da abin da ya ɓata musu rai game da ita. Yabon 'yan uwa da ƙawaye ba ya shiga wannan lissafi, domin wanda ya ce riga ta yi kyau bai ce zai saya ba.

Mataki na biyu shiga kasuwa ne, kuma a nan ya kamata a daɗe. Kantin Kwari tana tara 'yan kasuwa daga sassan Najeriya da Nijar da Chadi da Kamaru, kuma a cikinta ana samun atamfa da shadda da leshi da boyel da yadin abaya a matakai daban-daban na daraja, yayin da ake neman zare da sauran tarkacen ɗinki a wurare irin su Ƙofar Wambai. Zuwan farko na kallo ne da tambayar farashi: nawa ake sayar da yadi ɗaya, nawa bandir, kuma daga yadi nawa ake fara ba da farashin sari. Idan an ga wanda ya kwanta a rai, a sayi yadi ɗaya ko biyu kawai a kai gida a gwada. A auna shi, a wanke da irin sabulun da mutane suke wanki da shi, a shanya a rana, a goge, sannan a sake aunawa, a duba ko ya tsuke, ko ya zuba, ko ya koɗe, ko ya tashi ƙuraje. A ɗaga shi a hasken rana a ga ko yana nuna jiki, domin a kasuwarmu wannan kaɗai ya isa ya sa a dawo da riga, ko ya tilasta sa shafi wanda zai ƙara tsada. A kuma kula da faɗin yadi, saboda mai faɗin inci 60 da mai inci 45 ba sa cin awo ɗaya a riga ɗaya, kuma sau da yawa wanda ya fi arha a baki shi ne ya fi tsada a teburin yanka.

Akwai tambayar da sababbin shiga suke mantawa da ita, wato ko wannan yadin zai sake samuwa bayan wata biyu. Idan riga ta karɓu aka koma kasuwa aka tarar yadin ya ƙare, an yi asarar tallan da aka yi mata. Ko ya samu ma, launi ɗaya daga bandir biyu yakan bambanta kaɗan, don haka kayan zubi ɗaya daga bandir ɗaya ake yanka su. Ya kamata kuma a san cewa masaƙun Kaduna, waɗanda tarihinsu ya faro da Kaduna Textiles a 1957, akasarinsu sun daɗe da rufewa, kuma mafi yawan yadin da ke kasuwa a yau daga waje yake shigowa, musamman daga ƙasar Sin, ban da masu tsada irin su atamfar Vlisco ta Holan da shaddar Getzner ta Ostiriya. Ma'anar wannan ita ce farashin yadi yana bin dala, abin da kowa ya gani da idonsa bayan an saki darajar naira a watan Yuni na 2023. Wanda yake son kayansa su fita daban yana iya duba abin da ake yi a gida, kamar rinin baba na Ƙofar Mata ko saƙi ko aikin hannu na Zariya, sai dai ya sani aikin hannu ba ya karɓar gaggawa, ya fi dacewa da kaya kaɗan masu tsada. Ko wane iri aka ɗauka, a gaya wa mai saye gaskiyar darajarsa, kada a kira kwaikwayo da sunan na asali.

Mataki na uku shi ne samfuri da tsarin awo, kuma a nan ne telan da ya saba da auna mutum ɗaya-ɗaya yake shan wahala. Ɗinkakkun kaya suna buƙatar a tsayar da girma uku ko huɗu, kowanne da awonsa a rubuce: kafaɗa, ƙirji, ƙugu, tsawon hannu, faɗin hannu da tsawon riga. Hanyar da ta fi sauƙi ita ce a ɗauko littafin awon tsofaffin kwastomomi, idan akwai, a ga inda yawancinsu suka taru, maimakon kwafo jadawalin Turai da aka tsara don wani jiki da wani salon sutura. Masu abaya sun sami sauƙi, tunda an saba kiran girmanta da tsawonta a inci, kamar 52 da 54 da 56 da 58. Bayan an tsayar da awo, a yanka kowane ɓangare na rigar a kan kwali mai kauri, a rubuta sunansa da girmansa, domin da wannan kwalin za a riƙa yanka ko da wani tela ne daban ya karɓi aikin. Sannan a ɗinka riga ɗaya a ba wa mutum ya saka ta yini guda, ya zauna, ya ɗaga hannu, ya hau abin hawa, ya yi alwala ya yi sallah da ita. Hannun da ba ya naɗuwa wajen alwala, ko wuyan da mai shayarwa ba za ta iya buɗewa ba, ba a ganin aibinsu a jikin mutum-mutumi. Idan samfurin ya gamsar, a ajiye shi kada a sayar, domin da shi za a gwada duk abin da teloli suka kawo.

Mataki na huɗu, wanda ya fi kowanne muhimmanci a ganina, shi ne sanin abin da riga ɗaya ta ci kafin a sa mata farashi. Ga misali da alƙaluman da aka ƙaddara don bayani kawai, kowa sai ya sa nasa na ranar. A ce doguwar riga tana cin yadi uku da rabi a kan naira 4,000, wato 14,000. Shafi da zare da zik da ado sun ci 2,500, ladan tela 4,000, guga da tambari da ledar zubawa 1,000. Jimilla 21,500 ke nan, kuma a nan mutane da yawa suke tsayawa su ɗora dubu biyar su ce sun ci riba. Amma akwai kuɗin da suke fita kowane wata ko an sayar ko ba a sayar ba, irin su haya da wuta da man janareta da data da kuɗin mota zuwa kasuwa da gyaran keke, da kuma albashin mai kamfanin kansa, wanda dole a rubuta shi ko da kaɗan ne. A ce waɗannan sun kai 180,000 a wata. Idan ana sayar da riga 60, kowace ta ɗauki 3,000, ta koma 24,500. A ƙara kashi 10 cikin 100 saboda ɓarnar yanka da gyara da kwantai, sai ta tasam ma 27,000. Wanda ya sayar a 26,500 yana murna, asara yake yi bai sani ba.

Daga wannan lissafi ake fitar da abubuwa biyu. Na ɗaya, idan aka sa farashi 35,000, kowace riga tana barin 13,500 bayan an cire abin da ta ci kai tsaye, don haka sai an sayar da riga 14 a wata kafin a biya kuɗin da ba sa canzawa, kuma abin da ya biyo bayan nan ne ake fara kira riba. Na biyu, idan 'yan sari suka zo suna neman ragin kashi 20 cikin 100, rigar ta koma 28,000, abin da ya rage bai wuce dubu ɗaya ba, wanda ke nuna cewa duk mai niyyar sayar wa masu shaguna sai ya bar musu gurbi a farashi tun farko. Sannan a riƙa lissafi da kuɗin da za a sake sayen yadin a yau, ba kuɗin da aka saye shi wata uku da suka wuce ba, domin wanda ya sayar da tsohon farashi zai koma Kwari ya tarar kuɗin riga goma ba sa sayen yadin riga takwas. Idan lissafi ya nuna farashin ya fi ƙarfin mutanen da aka zaɓa a mataki na farko, sai a koma kan rigar a rage ado ko a canza yadi ko a sauƙaƙa yanka. Gogayya da kayan da ake shigowa da su dila-dila, ko da gwanjo, ta fuskar arha, faɗa ne da ƙaramin kamfani ba zai ci ba.

Batun rajista ba shi da tsawo. Kafin a buga tambari ko a ɗinka suna a wuyan riga, a bincika a shafin Hukumar Rajistar Kamfanoni ta CAC ko wani ya riga ya ɗauki sunan. Rajistar sunan kasuwanci ta isa a farko, ko da yake dokar kamfanoni ta 2020 ta ba mutum ɗaya damar kafa ƙaramin kamfani shi kaɗai. Wannan rajista ba ta kare tambari ba. Rajistar tambari ana yin ta ne a ofishin rajistar alamun kasuwanci da ke ƙarƙashin Ma'aikatar Masana'antu, Ciniki da Zuba Jari ta Tarayya, inda tufafi suke a rukuni na 25, kuma rajistar farko tana ɗaukar shekara 7 kafin a sabunta. Da takardar CAC sai a nemi lambar haraji a buɗe asusun banki da sunan kamfani, kuma daga ranar kuɗin cefane da na kamfani ba sa haɗuwa a wuri ɗaya.

Game da jari, shawarata ita ce zubin farko ya fito daga kuɗin da mutum zai iya jure rashinsa, ko na tanadi ko na adashi, kuma ya kasance kaɗan: salo biyu ko uku, kowanne guda goma zuwa goma sha biyar. Kada a zuba kuɗin a gyaran shago da gilasai da fitilu alhali ba a san ko kayan za su karɓu ba, domin ɗaki ɗaya mai tsabta a gida ya isa. Hanya mai kyau ta rage nauyi ita ce a ɗinka samfuri, a ɗauki hotonsa, a karɓi oda da kafin alƙalami na rabin kuɗi, sannan a sayi yadi. Idan ɗan uwa ne zai zuba kuɗi, a rubuta ko bashi ne ko ƙiradi, wato jarin da za a juya a raba ribarsa, da kason riba da ranar lissafi, a sa shaidu, saboda zumunci da yawa ya lalace a kan abin da aka bari a baki. Neman kuɗin banki, ko da a bankunan da ba sa mu'amala da ruwa irin su Jaiz da ya fara aiki a 2012, ya fi dacewa bayan an sami littafin ciniki na watanni da zai nuna kuɗin zai dawo. Hukumar SMEDAN ma tana rajistar ƙananan sana'o'i da ba da horo, kuma babu laifi mutum ya sa sunansa.

Mataki na gaba shi ne hulɗa da teloli, wadda ita ce take tsufar da masu wannan sana'a. Mai kamfani ba zai iya yanka da ɗinki da talla da aika kaya shi kaɗai ba na tsawon lokaci, don haka ko dai ya ɗauki teloli a wurinsa ko ya riƙa kai aiki shagonsu. Ko wanne aka zaɓa, yanka ya tsaya a hannun mutum ɗaya amintacce, domin a nan yadi yake salwanta kuma a nan awo yake karkacewa. A ba kowane tela samfuri da takardar da ta bayyana faɗin kalmasa da launin zare da wurin tambari, a fara gwada shi da riga uku kafin a danƙa masa talatin. A yi yarjejeniya cewa ana biya ne a kan rigar da ta wuce dubawa, kuma gyaran kuskurensa a kansa yake, amma shi ma mai kamfani ya biya a ranar da ya ce, domin telan kirki ba ya zama inda ake ja masa rai. Dubawa kuwa riga-riga ake yi, a juya cikinta a ga wibin, wato ɗinkin da ke rufe bakin yadi kada ya zare, a ja ɗinkin hammata, a zuge zik sau da yawa, a auna tsawo, a yanke zaren da ke reto. Kada a dogara da tela ɗaya tak.

Duk wannan tsari yana rataye ne a kan kalanda. Kasuwar tufafi a ƙasar Hausa tana tashi ne gab da ƙaramar Sallah, sai babbar Sallah da ke biyo baya da kimanin kwana 70, sai lokutan bukukuwa kafin azumi da ƙarshen shekara, inda ake neman anko da kayan lefe. Tunda watannin Musulunci suna matsowa da kimanin kwana 11 kowace shekara, a duba ko Sallar bana a zafi za ta faɗo ko a damina ko a hunturu kafin a zaɓi kaurin yadi. Lissafin baya-baya ake yi: kayan ƙaramar Sallah ya kamata a sayi yadinsu a Rajab, a ɗinka a Sha'aban, a shiga azumi da kaya a rataye da hotuna a shirye. Wanda ya bari sai goman tsakiya zai tarar yadi ya hau, teloli sun cika da aikin unguwa, wuta kuma ba ta da tabbas. A sanar da ranar rufe karɓar oda, a kuma tsaya a kanta ko da ana roƙo, saboda mutum ɗaya da ya yi Sallah babu rigarsa zai ba da labari fiye da goma da suka samu.

Wajen sayarwa, Instagram da WhatsApp da TikTok sun rage buƙatar shago, amma sun ɗora nauyi a kan hoto. A ɗauka da hasken rana a bango marar hayaniya, gaba da baya da kusa, kada a gyara launi har ya saɓa wa na zahiri. A rubuta farashi da nau'in yadi da jadawalin awo a fili, domin ɓoye farashi sai an yi magana ta sirri yana korar mai kunya kuma yana cinye lokaci. A rubuta ƙa'idar canji tun kafin a sami matsala: kwana nawa, a wane hali, kuma wa zai biya kuɗin aike. Ba a sakin kaya sai an ga kuɗi a cikin asusu da ido, saboda hoton rasit da saƙon bogi sun yi yawa. Idan ta tasha za a aika, a rubuta suna da lamba a jikin ƙunshin, a karɓi lambar direba a tura wa mai kaya. Nunin kaya a manyan taruka irin na makon kwalliya na Legas, wanda aka fara a 2011, yana da ranarsa, amma a shekarar farko ta kamfani kuɗinsa ya fi amfani a sayen bandir. Bashi kuma, musamman na dangi da ƙawaye masu cewa sai ƙarshen wata, a sa masa iyaka a rubuce ko a rufe ƙofarsa gaba ɗaya, haka ma kyautar kaya ga masu tarin mabiya, a lissafa ta a matsayin kuɗin talla, a kuma duba ko ta jawo ciniki.

Mataki na ƙarshe yana zuwa ne bayan kowane zubi. A buɗe littafi a duba wane salo ne ya fara ƙarewa, wane girma da wane launi suka yi kwantai, riga nawa aka dawo da su kuma saboda me. Wanda ya ƙare da wuri a sake shi, ko da mai kamfani ya gaji da ganinsa, wanda ya zauna kuma a daina, ko da shi ne ya fi so. Kayan da suka wuce wata biyu ko uku a rataye a karya farashinsu zuwa abin da suka ci a mayar da kuɗin cikin yadi, domin yayi yana wucewa, ƙura da rana kuma suna rage musu daraja. Ragowar ƙyallaye a mayar da su ɗan kwali ko rigunan jarirai ko jakar zuba kaya. Sai an ga zubi uku ko huɗu a jere sun fita da riba bayan an cire albashin mai kamfani, sannan a fara maganar ƙara nau'i na biyu ko kama shago ko sayen keke mai aikin kwamfuta, kuma ko a lokacin a ware kuɗin yadin Sallah mai zuwa kafin a taɓa sauran.